Na je Leiden na tarar da Kano a cikin wani ɗan mitsitsin littafi

Ni dai na sauka lafiya a filin jirgin Schiphol na ƙasar Holan, jakata kuma ta yi nata wuri. Na tsaya bakin bel ɗin nan mai juyo da kaya har kowa ya ɗauki nasa ya watse, ya rage daga ni sai wata tsohuwa muna ta kallon juna. Rigar sanyin da na sha wahalar zaɓowa a 'yan gwanjon Ƙofar Wambai tana ciki, yajina yana ciki, garin kunun da maman yara ta ƙulla min duk suna ciki. Aka ce in cike fom za a kawo min har masauki, sai da ta kwana huɗu. Haka na shiga jirgin ƙasa da kaftani da hula a ƙarshen watan Satumba, tafiyar ba ta kai minti 20 ba sai ga ni a Leiden ina rawar ɗari, iska tana shiga ta hannun riga tana fita ta wuya.

Abin da ya kai ni, karatun digiri na uku nake yi a tarihi, kuma aikina a kan yadda marubutan waje suka siffanta ƙasar Hausa ne kafin jihadi. Malamin da ke duba aikin ya daɗe yana min gori wai kullum fassarar fassara nake karantawa, fotokwafin da ya sha hannu har wasu layukan sun goge. To sai Allah ya kawo wata dama ta horon mako biyu ga ɗaliban gaba da digiri a kan tsofaffin littattafai, na cike, aka ɗauke ni. Zamanin da suke nazari su malaman can sun yanke shi ne daga wajen 1500 zuwa 1800, in za mu auna da namu ma'aunin daga bayan Sarki Rumfa kenan zuwa gab da jihadin Shehu.

Garin ƙarami ne, ruwa ta ko'ina, gada nan gada can, kekuna kuwa sun fi mutane. Rana ta farko sau biyu ana kusa bankaɗe ni don ban san jan layin nan na gefen titi na masu keke ba ne, wata baiwar Allah da yara biyu a akwatin gaban kekenta ta danna min ƙararrawa ta faɗi wata magana da ban ji ba amma na gane ba addu'a ba ce. Jami'ar ma ba irin tamu ba ce mai katanga da get da maigadi, a warwatse take cikin gari, ka wuce shagon burodi sai ka ga sashen shari'a.

Na yi dace zuwana ya faɗo kan bikinsu na 3 ga Oktoba. A 1574 sojojin Sarkin Sifen sun yi wa garin ƙawanya wata da watanni, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, daga ƙarshe 'yan ƙasar da ke tawaye wa Sifen suka fasa madatsun ruwa, ruwa ya malale gonaki suka shigo da jiragen ruwa ɗauke da kifi da farin burodi. Shi ya sa har yau ranar kifi da burodi ake ci, da wani fate na dankali da karas da albasa. Kifin fa kusan ɗanye ne, gishiri kawai, a riƙe wutsiya a ɗaga kai a zura. Na gwada don kar a ce ban gwada ba, ba zan ƙara ba. Wata huɗu bayan wannan, a Fabrairun 1575, William na Orange, jagoran tawayen, ya kafa musu jami'a, ita ce ta farko a ƙasar. Suna ba da labari wai zaɓi aka ba mutanen gari tsakanin a yafe musu haraji ko a ba su jami'a suka zaɓi jami'a, farfesan da ya zagaya da mu ya yi dariya ya ce tatsuniya ce. Na ce a raina dama ni ma da mamaki.

Shi wannan farfesan da farin gashinsa cewa ya yi mu riƙa kiran sunansa gatsau. Bakina ya ƙi, har na taho Farfesa nake ce masa, shi kuma ya rama yana ce min Malam.

Ɗakin karatun tsofaffin littattafai yana cikin babban laburaren jami'ar a bakin ruwan Witte Singel. Kafin ka shiga sai ka kulle jaka da riga a loka, biro haramun ne sai fensir, ruwan sha ma a waje. Ni na zaci za a ba mu farin safar hannu irin na talabijin, ashe su sun fi son ka wanko hannunka tas ka busar, wai safa tana kashe jin yatsa sai ka yaga takarda ba ka sani ba. Littafi kuma ba kai za ka ɗauko ba, tun kafin ka zo za ka nema ta kwamfuta, a kawo maka a ɗora a kan wani matashi na soso, a ba ka wata igiya mai nauyi kamar carbi da za ka danne shafi da ita. Shiru kamar ana jiran liman ya tayar.

Littafin da na nema da aka kawo sai da na kusa cewa an yi kuskure, don ni a kaina wani ƙaton kundi nake jira. Ɗan mitsitsi ne wallahi, tsawonsa bai fi tafin hannuna ba sai dai kauri, zai shiga aljihun kaftani. Bugun 1632 ne na gidan ɗab'in Elzevir a nan cikin Leiden, bayanin Afirka na mutumin da Turawa ke kira Leo Africanus, da Latin. Rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Latin ɗina bai taka kara ya karya ba, amma ai suna ba ya ɓuya, na yi ta buɗawa a hankali har na kai kashi na bakwai inda yake maganar ƙasashen baƙaƙe, sai ga su a jere: Guber, Agadez, Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara, Borno. Gobir kenan da Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Na san suna nan, na karanta a fotokwafi ya fi sau goma, amma ganin Cano a takardar da ta kusa shekara 400 sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗan daɗe ban juya shafin ba.

Shi mai littafin asalin sunansa Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan. A Garnaɗa ta Andalus aka haife shi, iyayensa suka yi hijira zuwa Fas yana ƙarami, can ya yi karatu, ya yi wa sarkin Fas jakadanci ya zaga ƙasashe. A 1518 yana dawowa ta teku 'yan fashin ruwa Kirista suka kama shi, da suka ga malami ne sai suka kai wa Paparoma Leo na 10 kyauta. A Janairun 1520 aka yi masa baftisma a Roma aka laƙaba masa sunan Paparoman, shi kuma in zai rubuta da Larabci sai ya sa Yuhanna al-Asad. A can ya zauna ya rubuta littafin da harshen Italiya, ya gama a 1526. Ka ga tun daga nan akwai abin lura, mutum ne da yake hannun wasu, yana rubuta wa waɗanda suka riƙe shi, da harshen da ba nasa ba, kuma daga ka, shekaru bayan tafiyar.

Wata 'yar ajinmu 'yar Italiya, Allah ya saka mata, ita ta zauna da ni muna bi layi layi. Ya ce Kano gari ne mai ganuwa, mutanenta masu sana'a ne da attajiran fatake, akwai hatsi da shinkafa da auduga. Ya ce a Gobir akwai masaƙa da masu ɗinka takalma irin na Rumawan da, ana kai su har Tumbutu da Gao. Zazzau kuma wai saboda sanyi wuta suke hurawa a ƙarƙashin gado, da na ji wannan dariya ta kama ni don na yi karatu a Zariya na san hunturun Samaru, kuma na san gadon ƙasa na tsofaffi mai gurbin garwashi. Katsinawa ne bai yi wa adalci ba, ya ce ƙauyuka ne na bukkoki, ya kuma kushe kamanninsu, na tura wa wani abokina Bakatsine hoton shafin ya ce in gaya wa marubucin ya zo Gobarau ya maimaita. Abin da ya fi kama ni dai shi ne inda ya ce waɗannan ƙasashe harshe guda suke yi, ya kira shi harshen Gobir. Hausa kenan fa, da sunan da ya ji ana kiranta.

Amma daga nan rigimar take farawa, kuma ita ce ainihin abin da aka tara mu a koya mana. Abin da Alwazzan ya rubuta a 1526 ba shi duniya ta karanta ba. Wani mutumin Venice mai suna Ramusio ne ya buga shi a 1550 bayan ya goge harshen ya yi gyare-gyarensa. Daga na Ramusio aka fassara zuwa Latin a Antwerp a 1556, fassarar da malamai suka daɗe suna kuka da kurakuranta, ita ce kuma ke cikin ɗan littafin da ke gabana. A kanta John Pory ya dogara ya yi ta Ingilishi a 1600, aka sake buga ta Pory a 1896, daga ita aka yi fotokwafin da nake ta kafa hujja da shi a Kano. Kwafin hannu na rubutun 1526 kuwa sai a ƙarni na 20 aka gano shi, yana babban laburaren ƙasa a Roma, da aka gwama sai aka ga wurare da yawa an sa masa magana a baki. Mu da muka taso da ilimin isnadi ai wannan ba baƙon abu ba ne, wane daga wane daga wane, kawai ban taɓa kawowa a raina in yi wa littafin Bature irin wannan tambayar ba, da na ga bugu ne sai in ɗauka magana ta ƙare.

Ga kuma babbar matsala. Alwazzan ya ce Askiya, sarkin daular Sanwai, ya kewaye Kano da yaƙi har ya tilasta wa sarkinta ya auri 'yarsa ya riƙa ba shi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shiga. To littafin tarihin sarakunan Kano, a zamanin Muhammadu Kisoki wanda ya hau a 1509, ba ka jin ɗuriyar wannan, maganar Barno yake yi. Tarikhus Sudan na Assa'adi, wanda mutumin Tumbutu ne kuma ba zai ɓoye nasarar Askiya ba, ya kawo yaƙi da Katsina da Agadas da tawayen Kanta na Kabi, bai kawo kewaye Kano ba. Shi ya sa wasu malaman tarihi ke ganin ƙafar Alwazzan ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, a bakin fatake ya tsinta. Wani abin da ke ƙara musu ƙarfi, ya dage cewa kogin Kwara yamma yake gangarawa, alhali a wajen Tumbutu gabas ya nufa. Da rana aka baje mana taswirorin Amsterdam na ƙarni na 17, kyawawa masu launi, ga Cano ga Cassena ga Zanfara an jera su, ga kogin an miƙe shi sambal ya faɗa tekun Atlantika ta yamma. Wannan kuskuren masu zanen taswira suka yi ta gada shekara da shekaru. Ni dai ra'ayina, wanda ya san zancen garwashi ƙarƙashin gado da takalman Gobir ko bai zo ba ya zauna da wanda ya zo, kuma ya iya tambaya. Zancen Askiya ne nake zargin a fadar Sanwai ya ji shi, inda maroƙa ba za su rage komai ba.

Kwana na huɗu, ranar da jakata ta iso, aka shiga da mu ɓangaren Larabci. A nan ne na sha mamaki na gaske. Tun 1613 jami'ar take da kujerar farfesan Larabci, na farko Thomas Erpenius, wanda ya ƙaru sosai da wani malami ɗan asalin Andalus mai suna Ahmad ɗan Ƙasim Alhajari da suka haɗu a Faransa. Aka ajiye mana wani littafi da ya buga a 1617, Larabci da fassarar Latin, na leƙa sai na ga alkalamu huwal lafzul murakkabul mufidu bil wad'i. Ajuruma! Ajurumar nan ta nahawun Larabci da na sha bulala a kanta a zauren Kawu. Ban san lokacin da na ci gaba da karantowa da ka ba, da irin karin da muke yi, 'yan aji suka juyo suna kallona, Farfesa ya ce Malam ci gaba mana. Su a wajensu kayan tarihi ne, na ce musu a unguwarmu gobe da asuba ma za a biya shi.

Me ya sa suka damu da Larabci haka? Dalilan a fili suke, suna son fahimtar Ibrananci na littafinsu ta hanyar 'yar uwarsa, suna son lissafi da ilimin taurari da likitanci, suna son jayayya da Musulmi, sannan uwa uba kasuwanci da Maroko da Daular Usmaniyya. Ɗalibin Erpenius, Jacob Golius, ya je Maroko ya je Halab ta Siriya da Istanbul ya dawo da littattafan hannu sama da 200, ya kuma fitar da ƙamus ɗin Larabci da Latin a 1653. Sai ɗalibin Golius ɗin, Levinus Warner, wanda ya zauna Istanbul shekara 20 har ya zama wakilin Holan a can, shi kam duk abin da ya samu a littafi yake zubawa. Da ya mutu a 1665 ya bar wa jami'ar wajen 900. A cikinsu akwai Ɗauƙul Hamama na Ibn Hazm, littafinsa a kan soyayya, wanda kwafin hannu guda ɗaya tak aka sani a duniya kuma shi ne wannan, duk bugun da ka gani a kasuwa daga shi ya samo asali. Akwai Garibul Hadis na Abu Ubaid da aka kwafa a shekara ta 252 bayan hijira, wato 866, yana cikin mafi tsufan littattafan Larabci a kan takarda masu ɗauke da kwanan wata. Shi wannan a allon kwamfuta muka gani.

Da muka fito shan shayi gardama ta kaure. Wani ɗan ajinmu Baturke ya ce shi abin yana masa ciwo, littattafan garinsu sai ya nemi biza kafin ya taɓa su. 'Yar Italiyar ta ce ai saya Warner ya yi a kasuwa, har da waɗanda malamin Istanbul Katib Celebi, mai littafin Kashfuz Zunun, ya mutu ya bari, ba wanda ya sa wa bindiga. Ya ce mata 'yar uwa, mai kuɗi da mai yunwa in sun yi ciniki sunansa ciniki amma kin san wanda ya ci. Aka juyo gare ni wai me na gani. Gaskiya na rasa ta cewa, don zuciyata tana tare da shi, amma kuma ina tuna Istanbul ta sha gobara ba sau ɗaya ba, kuma ina tuna wata adaka a gidanmu da ban ma san halin da take ciki ba. Na ce musu shayina zai huce.

Darasin da ya fi tsaya min a rai na takarda ne. Wata mata mai gyaran tsofaffin littattafai ta zo da wani faranti siriri mai haske, ta zura shi ƙarƙashin shafi, sai ga layuka sun bayyana a jikin takardar da wani ɗan zane a tsakiya. Ta ce da can daga tsummokara ake yin takarda, a jiƙa a daka ya zama kamar kunu, a tsoma wani rariya na waya a ɗebo. Kowane gidan yin takarda yana ɗinka tambarinsa da waya a jikin rariyar, wurin sai ya fi sirantaka, in ka ɗaga a haske ka gani. Kuma da yake rariyar ba ta wuce 'yan shekaru take lalacewa, in ka dace da tambarin kana iya kusantar shekarar da aka yi takardar da garin da aka yi ta ko da marubucin bai sa kwanan wata ba. Tana cikin nuna misalai sai ta sako hoton jinjirin wata guda uku a jere, ta ce wannan a arewa maso gabashin Italiya ake yin ta musamman don kasuwar ƙasashen Musulmi, ta bi ta Masar da Tarabulus ta keta Sahara a bayan raƙumi, kuma da yawan littattafan hannu na Arewacin Najeriya a kanta aka rubuta su. Ta kalle ni ta ce ko na taɓa gani. Kunya ta kama ni. Na taɓa shiga Gidan Arewa a Kaduna, na taɓa zuwa ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, rubutun kawai nake karantawa, ko sau ɗaya ban taɓa ɗaga takarda na kalli haske ta cikinta ba.

Daren nan na kira Kawu. Bayan gaisuwa da ya jiki ya sanyi na ce Kawu littattafan Malam Babba suna nan kuwa? Ya ce suna nan a adaka ƙarƙashin gado, me ya faru, ko Turawan ne suka aiko ka? Na ce a'a wallahi tambaya ce. Ya ce to ka ce musu ba na sayarwa ba ne.

Ɓangaren zane-zane ba fannina ba ne, na bi 'yan aji ne kawai. Gidan tarihin Lakenhal da ke Leiden asalinsa wurin tantance tufafi ne da aka gina a 1640, a duba ingancin ƙyalle a buga masa hatimin dalma kafin ya fita kasuwa, da saƙa garin ya yi arziki. Shahararren mai zanen nan Rembrandt ɗan garin ne, an haife shi a 1606, har ya yi rajista a jami'ar a 1620 amma bai zauna ba. Akwai wani zanensa na 1626 a can da har yau malamai ba su daidaita kan wane labari ya zana ba, ya kuma cusa fuskarsa a baya yana leƙe. Abin da ya burge ni shi ne aikin nasu ya zama kamar na asibiti, hoton ƙashi ake yi wa zane a ga abin da aka goge a ƙasa, a ƙirga zoben katakon a san lokacin da aka sare bishiyar. A Hague kuma, tafiyar kwata ɗin awa a jirgin ƙasa, a gidan Mauritshuis kowa ya yi dafifi gaban zanen yarinyar nan mai ɗan kunne na mai zane Vermeer, ni kuma na maƙale gaban wani zanen Rembrandt na 1661, baƙaƙen maza biyu, ɗaya ya ɗora haɓa a kafaɗar ɗayan. Masu bincike a kundin ajiyar birnin Amsterdam sun bi rajistar aure da ta baftisma sun gano akwai 'yar al'ummar baƙaƙe masu 'yanci a unguwar da Rembrandt ya zauna, da yawan mazan ma'aikatan jirgin ruwa. Shi kuma mai gidan da aka rataye zanen, Johan Maurits, gwamnan Holan ne a Burazil, shi ya aika jiragen da suka ƙwace Elmina ta Gana a 1637 don a samu bayin noman rake. Gidan ya yi kyau ƙwarai. Ban daɗe a ciki ba.

Ranar Asabar muka tsallaka Beljiyam, Antwerp, ba wanda ya tambaye mu fasfo. Gidan Plantin muka je, Bafaranshen da ya fara ɗab'i a garin a 1555, zuri'ar surukinsa Moretus suka riƙe sana'ar har 1876 da aka sayar wa hukumar gari da gidan da komatsansa. Komai yana nan yadda aka bar shi, da injinan bugu biyu na katako da suka fi kowanne tsufa a duniya, na wajen 1600, da akwatunan haruffan dalma, da tebur ɗin masu duba kuskure a bakin taga don su samu haske. Aka nuna mana yadda ake tsinto harafi ɗaya ɗaya a jera a juye, a shafa tawada, a danne. Da na gwada jera sunana sai da na juya harafi biyu. Tun daga nan na daina jin haushin wanda ya rubuta Zanfara, na ma fara tausayinsa, mutum yana tsaye tun safe yana jera sunan garin da bai taɓa ji ba. A gidan nan aka buga Baibul mai juzu'i 8 da harsuna 5 da kuɗin Sarki Philip na Sifen, kuma abin dariyar, kwafinsa ne William na Orange, babban abokin gabar Philip ɗin, ya ba jami'ar Leiden ya zama littafin farko na laburarenta. Plantin ɗin nan kuma tun yana sabon shiga, a 1556, ya buga littafin Alwazzan da Faransanci. Wato sunan Kano ya ratsa ta hannun ma'aikatansa tun Kisoki yana kan gado.

Na dawo gida da kwana biyu na tafi wajen Kawu bayan la'asar. Sai da aka yi ta jan magana kafin ya sa yaro ya jawo adakar. Da aka buɗe wani wari ya taso na tsohuwar fata da ƙura, gafaka uku ne a ciki, ɗaya gara ta cinye gefenta har ta shiga takardun, kyankyasai suka watse. Na miƙa hannu, Kawu ya buge hannun ya ce kana da alwala? Na ce ina da ita Kawu. Ya kwance igiyar tadarishin da kansa, warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, baƙar tawada da ja, gefe duk sharhi da ƙananan rubutu wani da Larabci wani da ajami, hannu ya kai uku daban daban. Na zaro ɗaya a hankali na kunna fitilar waya na sa a bayanta. Farko layuka kawai na gani. Na ɗauki ta biyu, ta uku, a ta biyar sai ga su can kusa da gefe, biyu cikakku, na ukun gara ta ci rabinsa.

Kawu ya karɓa ya ɗaga saitin ƙofa ya daɗe yana kallo, ya ce shekara 50 yana buɗe littafin nan bai taɓa ganin watan nan ba. Na fara masa bayanin Italiya da Tarabulus da raƙuma, ya ce to to, ya mayar da warƙar daidai inda take ya ɗaure. Na ce Kawu ko zan tafi da su in ɗauki hoto in dawo da su, ya ce a'a, in hoto ne ka zo nan ka ɗauka ina zaune. Mun yi da shi ranar Alhamis, tunda ba karatu, kuma in taho da sabuwar adaka da maganin gara.